Mobilet ɗin Baba: shekara 30 a zaure, da abin da na karanta a jikinsa



A ƙarshen damanar bana muka taru a gidanmu na gado domin gyaran zaure, saboda ruwa ya ci bangon gabas. Da aka fara fitar da tarkace, sai ga tsohon mobilet ɗin mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, jingine a lungu ƙarƙashin tsoffin buhuna da karyayyen gado. Tayoyi sun lotse, ɓeraye sun cinye soson sirdi, zanzaro ya yi gini a bakin salansa. Shuɗin fentin ne kawai ya rage, shi ma sai an share ƙura ake ganinsa. Autanmu ya ce a kira masu sayen tsoffin ƙarafa su auna, a karɓi abin da ya samu. Ban ga laifinsa ba, domin yana goye aka jingine abin, bai taɓa jin kukan injinsa ba. Ni kuwa a bayansa aka fara kai ni lakwal. Na roƙi ƴan uwa su bar mini shi zuwa ɗari.

Da aka kawo shi gidana a amalanke, ɗana na fari, mai shekara 13, ya zagaya shi sau biyu ya ce: "Baba, wai me ya kashe shi?" Na buɗe baki zan ce tsufa, sai na yi shiru. Shekara kusan ashirin ina koyarwa, ina iya jero sarakunan Damagaram, ina iya ba da labarin karon Sarauniya da sojan Faransa a Lugu a 1899, amma tambayar yaro a kan abin hawan kakansa ta kayar da ni. Wannan rubutu amsar tambayar ce, kamar yadda na tattaro ta tsakanin Disamba da Janairu, rabi daga bakin wani tsohon bakanike, rabi daga tarihin ƙasarmu.

Yadda ya zo

Kamfanin da ya ƙera shi sunansa Motobécane, na ƙasar Faransa. A 1949 ya fito da wani ƙaramin abin hawa, rabi keke rabi babur, ya sa masa suna Mobylette. Sunan ya bi duniya, har ya zama duk ƙaramin babur mai feda mobilet ake ce masa, ko da Peugeot ne ya yi shi. Na Baba irin shuɗin nan ne, injinsa bai cika cc 50 ba. Ba shi da giya, ba shi da batir. Wutar buji tana fitowa ne daga wani faifan maganaɗisu da ke juyawa tare da injin, wanda masu gyara ke ce wa bulan. Isansinsa sai an gauraya da man inji, domin ba shi da wurin zuba man daban. Wannan ne ya sa hayaƙinsa shuɗi-shuɗi, da warin nan da duk wanda ya tashi a wancan zamani zai gane ko idonsa a rufe. Idan mai ya ƙare a daji, sai ka juya wani ɗan maɓalli a jikin faifan bel, ka raba injin da taya, ka tuƙa da feda kamar keke.

A Faransa abin hawan ma'aikatan masana'antu ne da manoma da samari. A ƙasarmu ya zama na masu albashi. A cikin ɗan akwatin kayan aiki da ke jikinsa na tarar da sifanar buji, da guntun alli, da rasit ɗin saye da ya yi ja saboda daɗewa. Shekarar da ke jiki 1979.

Shekarar nan tana da magana. A 1971 aka fara fitar da yuraniyom daga Arlit. A ranar 15 ga Afrilun 1974 Seyni Kunce ya karɓi mulki, ƙasa tana fama da yunwa. Bayan haka kaɗan farashin yuraniyom ya tashi a kasuwar duniya, aka buɗe mahaƙa ta biyu a Akuta a 1978, kuɗi suka shigo baitulmali irin waɗanda ba a taɓa gani ba. Aka yi ta gina azuzuwa da ƙananan asibitoci, aka shimfiɗa kwalta daga Tawa zuwa Arlit, kuma albashi yana fita ƙarshen wata. A irin wannan lokaci ne malamin lakwal mai iyali zai iya ɗaure ciki, ya tara, ya shiga kanti ya fito da sabon mobilet.

Baba yana riƙe da makaranta mai aji uku a wani ƙauye na yankin Tasawa. A duk kewayen, mutum uku ne ke da mobilet: mushe, da malamin asibiti, da malamin gona. Sarki da attajiri suna kan doki, talaka yana kan jaki ko a ƙasa, mai ɗan hali yana da keke. Saboda haka idan aka ji wannan siririn kuka daga bayan gari, an san gwamnati ce tafe: ko allurar rigakafi, ko maganar iri da taki, ko rubuta sunayen yaran da za a sa lakwal. A lokacin iyaye da yawa suna ɓoye ƴaƴansu ranar ɗaukar sababbi. Mahaifiyata ta ce mini Baba ya sha ɗora yaro a bayan mobilet ya zagaya da shi gari kafin ya shiga zauren ubansa. Yaro ya ga abin da karatu ke saya, uban ma ya gani. Ashe abin hawan yana cikin hujjojin da malami ke kare makaranta da su.

Kishiyoyi daga kudu

Tun kafin Baba ya sayi nasa, masu ture shi sun riga sun kama hanya. Kamfanonin Japan, Honda da Yamaha da Suzuki, sun cika kasuwar Najeriya a shekarun arzikin man fetur, har Honda ta kafa wurin harhaɗawa a Ota a 1979. Akwai wani samfuri da ya kamata mu riƙe sunansa, wato Honda CG125 da aka fito da shi a 1975. Injiniyoyin kamfanin sun zagaya ƙasashe masu tasowa, suka ga mutane suna ɗora wa babur kaya fiye da kima, ba sa sauya man inji a kan kari, ba sa kai shi gyara sai ya tsaya cak. Sai suka ƙera injin da zai jure wannan riƙo, mai sauƙin kwancewa da ɗaurawa.

Waɗannan babura sun shigo mana ta hanyoyin da goro da atamfa suka saba bi: daga Kano da Katsina ta Jibiya da Ɗan Isa zuwa Maraɗi, ta Daura zuwa Matamaye da Damagaram, ta Illela zuwa Ƙonni. Ƴan kasuwa ne suka fara hawansu, domin suna ɗaukar mutum biyu da buhun hatsi su keta yashin da mai mobilet sai ya sauka ya tura. A can Faransa ma gasar ta yi wa Motobécane yawa. Ya karye a farkon shekarun 1980, aka sake kafa shi da sunan MBK a 1984, daga baya Yamaha ta mallake shi. Wato mobilet ɗin Baba yana da shekara biyar kacal sunan gidan da ya haife shi ya ɓace.

A shagon tsoho

Na yi tambaya a gari kafin in sami wanda zai taɓa shi. Samarin da ke gyaran babura a bakin hanya dariya suka yi, ɗaya ya ce in kai gidan tarihi na Yamai. A ƙarshe aka nuna mini wani dattijo a bayan tsohuwar kasuwa, wanda yanzu injin ban-ruwa da injin niƙa ya fi gyarawa. Da ya ga abin sai ya miƙe tsaye, ya shafa tankin, ya ce: "Mushe, ina ka samo wannan?" Na ce: "Na mahaifina ne, Baba." Ya ce to ba zai karɓa ya gyara ni ina gida ba, sai dai in riƙa zuwa da yaron muna yi tare. Da tsohuwar zuma ake magani, na amince.

Ɗari lokaci ne mai kyau ga irin wannan aiki, ga hutun ƙarshen shekara, ga sanyin safiya da mutum zai tsuguna awa uku bai jiƙe da zufa ba. Abokin gaba ɗaya ne, ƙurar hunturu. Duk abin da aka kwance sai an nannaɗe shi da tsumma, duk ramin da aka buɗe a injin sai an toshe.

Fiston ya kafe a cikin silinda. Ni da na so a sa guduma, tsoho ya hana. Ya cire buji, ya tsiyaya man inji gauraye da kananzir ta ramin, ya ce mu dawo bayan kwana huɗu. Muka dawo, ya ƙara, ya ce wasu kwana uku. Ranar da ya ɗora hannu a bulan ya girgiza shi hagu da dama, muka ji abin ya motsa kamar gashin kai, yarona ya yi ihu. Tankin kuwa, muka zuba masa tsakuwa da kananzir, yaron ya yi ta kaɗawa har hannunsa ya gaji, ana zubar da jan ruwan tsatsa ana sakewa. Karbireta ta toshe da tsohon mai da ya daskare ya zama kamar ƙaro. Ramin da mai ke bi bai fi kaurin allura ba, da silin waya guda tsoho ya buɗe shi. Salansa muka sa a wuta ta ƙone baƙin da ya taru, tare da gidan zanzaro. Busasshiyar iskar ƙasarmu ta yi wa ƙarfe adalci, tsatsa ba ta ci jikin ba. Roba ce ba ta bari ba: tayoyi, bel, tiyon mai, da zobban robar da ke rufe bakin injin, duk sun bushe suna karyewa kamar ƙuli-ƙuli.

Da muka buɗe bulan ne tsoho ya kira ni kusa. Ya nuna mini wayar da aka ɗaure da yankin robar taya. Ya nuna bel ɗin da aka ɗinke da zaren buhu a wuri biyu. Ya nuna bujin da aka kankare har bakinsa ya kusa ƙarewa, da zobban fiston da suka siɗe, da bobin da ya ƙone ya yi baƙi. Ya ce: "Mushe, karanta mana, ai kai ne mai karatu. Mai wannan abu ya shekara da shekaru bai sayi sabon ƙarfe ko ɗaya ba. Faci yake yi a kan faci. Ranar da bobin ya ƙone, dabara ta ƙare, sai kuɗi. Kuɗin kuwa babu." Ya tambaye ni shekarar da aka jingine shi. Na lissafa da ajin da nake a kwaleji, na ce 1994. Ya gyaɗa kai ya ce: "Shekarar da aka karya sefa. Na rufe shago wata biyu."

Janairun 1994

Facin da ke jikin mobilet ɗin ya fara ne tun kafin wannan shekara. Farashin yuraniyom ya faɗi a farkon shekarun 1980, bashi ya hau kan ƙasa, aka shiga tsuke bakin aljihu. A 1984 fari ya zo, Najeriya kuma ta rufe iyakokinta daga Afrilun 1984 har zuwa 1986, shi ya sa mutanenmu suka laƙaba wa yunwar sunan shugaban Najeriya na lokacin. Malami mai albashi ya zama rumbun dangi gaba ɗaya. Kunce ya rasu a Nuwamban 1987. Aka yi taron ƙasa daga Yuli zuwa Nuwamban 1991, aka yi zaɓe a 1993, amma baitulmali wayam. Albashi ya fara makara, wata ya shiga wata, yajin aiki ya bi yajin aiki. Duk wanda ya yi makaranta a shekarun nan ya san zaman gida na dole.

A kan wannan hali ne, a ranar 11 ga Janairun 1994, aka sanar daga Dakar cewa an rage darajar sefa da rabi. Faran ɗaya na Faransa da ake saye tamma 50 ya koma tamma 100. Duk abin da ke zuwa daga Faransa, magani ne, littafi ne, ko ƙarfen mobilet, kuɗinsa ya ninka a ƴan kwanaki. Masu baburan Japan sun sami sauƙi kaɗan, domin kayan gyaransu daga kasuwannin Najeriya suke zuwa, naira kuma ta daɗe da faɗuwa. Mai mobilet ba shi da wannan mafita. Na hannu ma ba a samu, domin kowa na riƙe da nasa, ba mai yarda a farke nasa a sayar gunduwa-gunduwa.

Na tuna ranar, ko da yake a lokacin ban fahimce ta ba. Baba ya turo shi tun daga hanyar kasuwa, ya jingine a zaure, ya ce wa mahaifiyata: "Bari a biya albashi." Da aka biya na wata guda, hatsi aka saya. Na gaba ya tafi a magani da kuɗin makarantarmu. Ya ari keke, daga baya ya sayi nasa na hannu, kuma a kan keken nan ya ƙarasa aikinsa har ya yi ritaya. Bai taɓa cewa a sayar da mobilet ɗin ba, bai kuma sake maganar gyaransa ba. Bobin ɗin da ya gagare shi, tsoho ya tono mana irinsa daga tarin matattun mobilet da ke bayan shagonsa, ya ce in ba da abin shan ruwa kawai.

Bayan da aka jingine shi

Abin da ya faru bayan haka kowa ya gani da idonsa. Daga farkon shekarun 2000 baburan Sin suka kwararo, ta tashoshin Kwatano da Lome da kuma ta Najeriya, a cikin akwatuna, ana harhaɗa su a bakin kasuwa. Kasea, Jincheng, Haojue, daga baya na Indiya irin su Bajaj da TVS. Da yawa daga cikin na Sin, injinsu kwaikwayon CG125 ɗin nan ne na 1975. Araharsu ta sa babur ya fita daga hannun masu albashi ya shiga hannun kowa.

Ba zan raina wannan sauyi ba. Ni kaina da irinsu na fara aiki a matsayin malamin kwantaragi, a ƙauyen da mota ke shiga ranar kasuwa kawai, kuma bashi na ci na saya. Mata nawa masu naƙuda babur ya kai asibiti cikin dare? Manoma nawa ya kai wa albasa da tumatir kasuwa kafin su lalace? Gidaje nawa a Maraɗi da Damagaram da Ƙonni ke ɗora tukunya da abin da ɗan kabu-kabu ya samo?

Amma a nan ne tarihin ya juya, kuma a nan ya shafe mu. A zamanin Baba, babur shaida ce cewa mutum ya yi karatu ya sami aiki. A yau, ga samari da yawa, babur shi ne aikin da ya maye gurbin wanda karatu bai ba su ba. Na san masu takardar gama kwaleji, har da masu digiri, da ke kabu-kabu. Na kuma rasa ɗalibai masu ƙwaƙwalwa, ƴan shekara 14 da 15, da suka bar aji saboda wani ya ba su babur su riƙa kawo masa balas kullum yamma. Idan na je wurin uban yaro, amsar ɗaya ce: "Mushe, wane da wane sun gama, me suke yi?" Hujjar da mahaifina ya riƙa shiga zaure da ita, yau ita ake kayar da ni da ita. Ƙari a kan haka, abin hawan da da ake jin kukansa a ce ga mai allura ya iso, ya zama abin da wasu ƙauyuka ke jin kukansa su ruga daji, har hukuma ta hana hawansa a jihar Difa a 2015, da wasu sassan Tilaberi a farkon 2020.

Gyara ma ya sauya. Kayan baburan yau suna da araha, saboda haka yaron shago yana koyon cirewa da sakawa. Abin da tsohon nan ya sani, wato sauraron injin, da gano cuta kafin a kwance, da haƙurin kwana bakwai a kan fiston guda, ba shi da magaji. Ya ce mini yaransa na ƙarshe sun tafi kabu-kabu su ma.

Ranar da ya tashi

Wata Lahadi ce a tsakiyar Janairu, hazo ya rufe gari. Tsoho ya auna man inji a murfin kwalba ya zuba cikin lita guda, ya girgiza, ya ɗura. Ya ɗora mobilet a kan ƙafarsa, ya ce yaron ya hau ya taka feda. Ya taka, shiru. Ya sake, injin ya yi tari sau biyu. A na uku ya kama, siririn kukan nan ya cika lungun, shuɗin hayaƙi ya tashi. Maƙwabtan shago suka fito. Wani dattijo mai sayar da goro ya ce rabonsa da jin wannan wari tun yana saurayi. Da yamma na tuƙa shi a hankali zuwa gidanmu na gado. Mahaifiyata tana ɗaki ta ji shi tun daga bakin titi. Ba ta fito ba, sai da na shiga na tarar tana share ido da gefen mayafi.

A daren na ba ɗana amsarsa. Na ce masa ƙaramin ƙarfe ne ya ƙone, amma abin da ya hana a sauya shi ya taso tun daga Arlit da Dakar, kuma kakansa ya zaɓi hatsi da karatunmu a kan abin hawansa. Yaron da ba ya riƙe shekarun da nake rubuta wa ɗalibai a allo, yanzu ya san 1979 da 1984 da 1994 kamar sunayen ƙannensa.

Saboda haka ga shawarata ga ƴan uwana malamai. Da aka koma aji na ba ɗalibaina aiki: kowa ya nemi tsohon abu guda a gidansu da aka daina amfani da shi, keken ɗinki ne, rediyo ne, fitilar ƙwai ce, ko garmar shanu, ya tambayi babba tambaya uku. Yaushe ya shigo gidan? Da kuɗin me aka saye shi? Me ya sa aka ajiye shi? Amsoshin da suka dawo da su sun ƙunshi cinikin gyaɗa, da ci-rani a Kano da Abijan da Libiya, da fari, da zuwan lantarki. Yaran da ba sa ɗaga hannu su ne suka fi magana a ranar.

Ga iyaye kuma, kafin ku kira mai sikeli ya auna abin da ke zaure, ku zaunar da yaro ku gaya masa yadda aka same shi da abin da aka sadaukar. Wanda ɗansa ke da hannun gyara, ya kai shi wurin dattijan da suka rage yana kuma zuwa lakwal, domin guda ba ta hana guda. Tsoffin nan ba su da yawa, kuma ba sa ƙaruwa.

Mobilet ɗin yana nan, ina zuwa makaranta da shi ranar Juma'a. Ba ya gudu, yara suna bin sa a guje suna dariya har bakin aji. Rasit ɗin da guntun allin na mayar da su cikin akwatinsu.

Allah ya jiƙan iyayenmu da malamanmu da suka riga mu, ya shirya mana zuriya.